Daga Karmo zuwa Birnin Zazzau

'Yan sikawut ɗin da nake koya wa fareti a Karmo, yawancinsu a Abuja aka haife su. Sun san Gwagwa da Dei-Dei da kasuwar Talata kamar yunwar cikinsu, amma ka tambaye su inda sunan Abuja ya samo asali, sai su yi zuru. Shi ya sa da aka haɗa kuɗin fita ta ƙarshen mako na dage sai Zariya, ko da yake wasu iyayen Kano suka so.

Asubar Asabar muka ɗau hanya, kowa da kakinsa a goge. A Zuba na fara yi musu bayani. A farkon ƙarni na 19 Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu ya ci Zariya, Sarki Muhammadu Makau ya fice da jama'arsa ya yo kudu har nan Zuba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. Da gwamnati ta tsayar da sabon babban birni a 1976, sai ta ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yau Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin Suleja. Wato hanyar da Makau ya sauko, ita muke hawa.

Kaduna dai mai kawai muka sha muka wuce.

Ta Ƙofar Doka muka shiga birni. Abin da ya rage na ganuwa bai burge yaran ba, kuma ban ga laifinsu ba: wani wurin ruwa ya cinye, wani wurin gidaje sun hau kai. Sai da na ambaci Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, wadda ake danganta ginin ganuwoyi da ita, sannan 'yan matan cikinmu suka matso.

Inda suka natsu shi ne tsohon Masallacin Juma'a na kusa da fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Daga waje ginin zamani za ka gani, don an lulluɓe tsohon a ciki. Kana shiga sai sanyi ya tarbe ka, ga ginshiƙan ƙasa masu kauri da zane a jiki, ga bakan gizo sun haɗu a sama sun riƙe rufi. Wani yaro, ɗan birkila ne, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Malam, ina rodin yake?"

Na ce babu, azara ce aka jera aka ɗaure, aka shafe da ƙasa. Bai yarda ba sai da wani dattijo ya ce masa, "Yaro, haka yake."

A ƙofar fada na gaya musu cewa Sarki Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau a 2020, daga gidan Mallawa yake, zuriyar Malam Musan nan. Nan gardama ta kaure: su wa ke da Zazzau, waɗanda suka zauna ko waɗanda suka fita? Ban raba musu ba. Ranar Lahadi a mota suka yanke da kansu cewa fita ta gaba fadar Suleja za mu, tunda ga ta nan bayan Dutsen Zuma, kuɗin mota ma ba zai yi yawa ba.