Mudun Mai Wa'azi



Kowane ɗan kasuwa ya san mudu iri biyu ne. Akwai cikakke, akwai kuma wanda aka bubbuge gindinsa domin ya ci hatsi kaɗan. A ido duk ɗaya ne, sai ka isa gida ka sake awo kāna ka gane an cuce ka. To, haka masu wa'azi suke. Hasarar tiya guda ta gero da sauƙi, amma wanda aka tauye masa maganar Allah, ransa ne ke ciki. Yaya fa za mu gane makiyayi mai aminci? Bari mu dubi aikin manzo Bulus a birnin Afisa, yadda aka ba da labarinsa cikin Ayyukan Manzanni, sura 19 da 20.

Afisa babbar kasuwa ce a bakin teku, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya yau. Bulus ya zauna can wajen shekara 3, kamar shekara 20 bayan tashin Almasihu daga matattu. Daga baya, yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, ya tsaya a Militas, ya aika a kira masa dattawan ikilisiyar Afisa domin ya yi ban kwana da su. A nan ya ajiye aikinsa a gabansu, su auna da kansu.

Abu na fari, bai rage mudu ba. Ya tuna musu bai ɓoye musu kome mai amfani ba, ko a gaban taro ko gida gida. Yahudawa da Helenawa duka ya kira su tuba ga Allah, su ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu. Maganar kuwa ta taɓa aljihun mutane. Masu sihiri da suka tuba suka ƙone littattafansu a fili, da aka yi lissafin kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Wani maƙerin azurfa mai suna Dimitiriyas, wanda ke ƙera ƙananan siffofin haikalin gunkiya Artimis, ya ga ciniki zai mutu, ya zuga abokan sana'arsa, gari ya hargitse, jama'a suka yi ta ihu har wajen awa 2. Da Bulus ya sassauta maganarsa kaɗan, da ya zauna lafiya da kowa. Amma bai yi algus ba.

Abu na biyu, bai mai da bishara hajar sayarwa ba. Bulus maɗinkin alfarwa ne. A Koranti ya yi sana'ar tare da Akila da matarsa, a Afisa kuma hannuwansa ne suka ciyar da shi da abokan tafiyarsa. Ya shaida wa dattawan nan bai yi kwaɗayin azurfar kowa ba, ko zinariyarsa, ko rigarsa. Kada dai wani ya ce ashe bai kamata a ba fasto kome ba. Bulus kansa ya koya wa Korantiyawa cewa mai aikin bishara ya cancanci ya ci daga aikinsa. Ciyar da makiyayi hakki ne a wuyan ikilisiya. Abin da aka hana shi ne mutum ya sa wa addu'a farashi, ko ya karɓi la'ada kamar dillali kafin ya gaishe da marar lafiya.

Abu na uku, idonsa yana kan garke. Dare da rana yana yi wa kowane ɗayansu gargaɗi har da hawaye. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar da gari ya rikice, Bulus ya so ya shiga tsakiyar taron, masu bi ne suka hana shi. A Militas kuma ya faɗakar da dattawan cewa kyarketai za su shigo, waɗansu ma daga cikinsu za su fito, saboda haka su tsare kansu tukuna, su tsare garken. Da ya gama suka durƙusa suka yi addu'a, suka yi kuka ƙwarai, suka raka shi har bakin jirgi.

Ɗan'uwana, ga mudu a hannunka. In wani ya zo maka da wa'azi, ka auna: yana faɗin gaskiya ko da za ta ɓata wa mai kuɗi rai? Ranka yake nema ko aljihunka? Ran da ciwo ya kwantar da kai, ka ga ƙafarsa a ƙofar gidanka? In ka sami irin wannan, ka riƙe shi da kyau, ka yi masa addu'a, kada ka bar gidansa da yunwa. Kai kuma mai wa'azi, tuna garken ba naka ba ne. Yesu ne ya saye shi da jininsa, ranar lissafi kuwa tana zuwa.

Allah ya ba mu makiyaya masu aminci. Amin.