Ƙofar da Mai Sayar da Motoci Ya Buɗe a Sendai

A da, Tomofumi Tanno mai sayar da motocin Toyota ne a birnin Sendai na ƙasar Japan, kuma kasuwa tana yi da shi. Sai ya fara mance fuskokin abokan cinikinsa. Da abin ya kai ga ya dubi abokin aikin da suke wuni tare ya kasa gane shi, ya san wannan ya wuce gajiya. A 2013 likitoci suka tabbatar masa yana da cutar mantuwa nau'in Alzheimer. Shekarunsa 39, ga 'ya'ya mata biyu suna makaranta.

Mun saba jingina ciwon mantuwa da tsufa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu fama da shi, waɗanda ya kama kafin su cika 65 suna iya kaiwa kashi 9 cikin 100. A Japan kaɗai, ƙiyasin 2020 ya nuna sun kai kusan 35,700. Kai, matar da likita Alois Alzheimer ya fara nazarin cutar a kanta a 1901, Auguste Deter, shekarunta 51 ne kacal.

Damuwar magidanci daban take da ta dattijo. Shi yana tunanin albashi, kuɗin makaranta, da ranar da za a ce ya ajiye makullin mota. In aka kai shi cibiyar yini ta tsofaffi, a zaunar da shi cikin sa'o'in iyayensa, me zai ce musu? Tanno ya sha ba da labarin yadda ya riƙa kwana yana bincike a intanet, bai ga komai ba sai lissafin shekarun da suka rage masa kafin ya kwanta. Abin da ya dawo masa da ƙarfin zuciya shi ne haɗuwa da wani mai irin cutarsa, wanda ya riga shi shiga cikinta, yana raha, yana harkokinsa.

Daga nan ya kafa Orange Door a 2015. Tsarin ba shi da wani tarkace: wanda aka gaya wa sakamakonsa kwanan nan ya zo, masu cutar su tarbe shi, a zauna a yi hira. Iyali kuwa nasu wurin zaman daban. A ganina nan hikimar take. Muddin mata ko miji na gefe, su za su riƙa amsa tambaya, mai ciwon ya yi shiru kamar an kawo yaro rajista. Da an raba su sai bakinsa ya buɗe, ya tambayi abin da ke cinsa: yaya ka gaya wa maigidanka a wurin aiki? In ka ɓata a hanya fa?

Amsoshin na wanda ya taka ƙayar ne. Tanno yana rubuta matakan aikinsa ɗaya bayan ɗaya a littafi. Yana yawo da kati mai bayanin cutarsa da sunayen tashoshin jirgin ƙasan da yake bi. In ya rikice ya nuna wa na kusa. Kamfaninsa bai sallame shi ba, an mai da shi aikin ofis ne.

Yana kuma yawan jan kunnen iyalai masu ƙwace wa mutum jakar kuɗi da waya, su hana shi fita shi kaɗai, wai don tausayi. Tsoronsu ba na banza ba ne, amma wanda aka ɗauke wa komai da wuri yakan daina gwadawa. Kate Swaffer ta Ostireliya, wadda aka gano tata tana da shekara 49, ta ce shawarar da aka ba ta ke nan: ta bar aiki, ta koma gida. Ta ƙi, kuma a 2014 ita da wasu suka kafa Dementia Alliance International, inda masu cutar daga ƙasashe daban-daban ke ganawa ta bidiyo.

Hira ba ta tsayar da cutar, kuma ba ta maye gurbin likita. Gwamnatin Japan dai ta ga amfaninta: a 2020 ma'aikatar lafiya ta naɗa masu cutar su biyar jakadun fata nagari, har da Tanno, domin su riƙa magana da bakinsu a bainar jama'a.