Raunin Mazakuta: Sau da Yawa Saƙo Ne Daga Zuciya

Akwai wata damuwa da magidanta da yawa suke ɓoyewa, ko ga aminansu. Mutum ya ba shekara 40 baya, sai ya ga ƙarfinsa wajen iyali yana raguwa. A Unguwar Hajji da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo, wani yakan ce basir ne, wani ya ce sanyi ne, wani kuma ya ce sammu aka yi masa. Ran kasuwa sai ya lallaɓa wurin mai maganin maza. Muna roƙon masu karatu su yi mana haƙuri da wannan zance, gama rai ne a ciki.

Ina Ruwan Zuciya?

Duk wanda ya yi noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa ya sani, idan ruwa ya ɗauko laka, ƙaramar hanya ce take fara toshewa kafin babba. Haka jini yake a jikin mutum. Gaban namiji ba ya miƙewa sai jini ya cika shi. Jijiyoyin da suke kai masa jini ƙanana ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2. Waɗanda suke ciyar da zuciya kuwa sun kai milimita 3 zuwa 4. Sa'ad da kitse ya soma taruwa cikin jijiyoyi, ƙananan ne suke fara nuna alama, tun zuciya ba ta yi kuka ba.

A shekara ta 2003 waɗansu likitoci a ƙasar Italiya suka bincika maza 300 masu ciwon zuciya. Kusan rabinsu suna da raunin mazakuta. A cikin waɗannan, biyu bisa uku sun ce raunin ne ya riga ciwon ƙirji zuwa, da misalin shekara 3. Watau jiki yana ba mutum lokaci ya yi gyara kafin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Abubuwan da suke ɓata jijiyoyin nan su ne hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da ƙiba, da yawan zama. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya yin shekaru da shi yana noma, bai sani ba.

Ba mu ce kowane rauni daga zuciya yake ba. Gajiya, da tunanin bashi, da rashin jituwa a gida, da waɗansu magunguna, duk suna kawo shi. Awo ne kaɗai zai raba gardama.

Hattara da Maganin Kasuwa

Tun 1998 aka fito da ƙwayar Viagra. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi cewa ana zuba irin sinadarinta a ɓoye cikin waɗansu magungunan maza da ake kira na gargajiya. Idan mai shan maganin ciwon ƙirji, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe, ya haɗa shi da wannan, jininsa yana iya faɗuwa farat ɗaya, har ya rasa ransa. Ko da maganin ya yi aiki dare ɗaya, jijiyoyin suna nan a toshe.

Abin da Za Mu Yi

1. A tafi asibiti mafi kusa a auna jini da sukari. Idan awo ya yi ta kai 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ne.

2. A gaya wa malamin asibiti gaskiya. Ba yau ya fara jin irin wannan ba. In da bukata, zai tura mutum Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

3. A bar taba. A rage gishiri da dunƙule da mai a miya. A yawaita zogale da rama da wake.

4. Bayan kaka kada a zauna kurum a majalisa. A yi tafiyar ƙafa ko a hau keke, ko da minti 30 a rana.

5. Wanda aka ɗora kan maganin hawan jini kada ya bari don kansa. Idan yana zaton shi ne ya rage masa ƙarfi, ya koma a sake masa wani.

Idan ƙirji ya yi nauyi, da zufa da haki, kada a jira gari ya waye.

Ku matan aure, gori ba ya warkar da wannan. Ku ƙarfafa maigida ya je awo. Kuɗin awo bai kai na kwalba ɗaya ta kasuwa ba sau da yawa, gidan da ya rasa maigida kuwa ya rasa mai noma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.