Ruwa ba ya tsami banza: in kwamfuta ta ƙi tashi bayan an ɗaura mata na'urar sanyaya ta ruwa

Mutum ya tara kuɗi ya sayo na'urar sanyaya ta ruwa, ya ɓata yini guda yana ɗaura ta, ya danna maɓalli, kwamfutar da jiya take aiki lafiya ta yi gum. Abin da ke fara faɗo masa shi ne ruwa ya zuba ya ƙone komai. Sau da yawa ba haka ba ne. Ruwan yana cikin tiyonsa, matsalar tana inda hannu ya taɓa lokacin aikin.

Tsarin na'urar bai bambanta da na mota ba. Wani farantin jan ƙarfe ne ke zama a kan firosesa yana ɗebe zafi, famfo ya tura ruwan ta tiyo zuwa lagireto mai tsawon milimita 120 ko 240 ko 360, fankoki su fifita shi, ya dawo. An zaɓi ruwa ne domin giram guda nasa na ɗaukar zafin da ya ninka na giram guda na iska kusan sau huɗu. Tun da kamfanin Corsair ya fitar da H50 a 2009, irin waɗanda ake sayarwa a rufe da ruwansu a ciki suka yaɗu. Sai dai kafin a ɗaura su dole a kwance tsohuwar fanka, wani lokaci a sauya ƙarfen bayan babban allo, a ture wayoyi. A nan ake samun kuskure.

Ƙin tashi iri uku ne, kuma gane wanne ke gabanka shi ne rabin gyara.

Na farko, shiru ɗungurungum: ba fitila, ba motsin fanka. Wannan ba zafi ba ne, domin firosesa ba ta ma samu wutar da za ta yi zafi ba. A duba makunnin bayan akwatin wuta, da babbar waya mai ramuka 24, da ƴar siririyar wayar maɓallin kunnawa da ke saurin zamewa. A kuma leƙa ko wani noti ya faɗa bayan allo yana haɗa wuta.

Na biyu ya fi yawa kuma ya fi ruɗarwa: fankoki na juyawa, fitilu na haske, amma babu hoto. Yawancin alluna na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu masu suna CPU, DRAM, VGA da BOOT, kuma inda hasken ya tsaya nan gwajin farko ya maƙale. In a kan CPU ne, a fara da waya mai ramuka 8 da ke saman allo ta hagu. Akan cire ta don lagireto ya samu wuri, a manta ba a mayar ba. Masu soket ɗin AM4 na AMD su ƙara kula, domin firosesar kan manne wa tsohuwar fanka ta fito tare da ita, allurarta ta lanƙwashe.

In kuwa a kan DRAM ne, kada a yi saurin zargin RAM. Sashen da ke magana da RAM yana cikin firosesa ne. Soket ɗin LGA 1700 da Intel ta fitar a 2021 yana da allurai 1,700, AM5 na AMD da ya zo a 2022 yana da 1,718, kowace ta fi allurar ɗinki siranta. In aka ɗaure noti ɗaya tamau kafin sauran, farantin ya karkace, wasu alluran su daina taɓawa, sai allo ya ce bai ga RAM ba alhali tana zaune daram. Maganin shi ne a sassauta notunan huɗu, a sake ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan mai kallonta, a tsaya da zarar sun cije. A tabbatar kuma ƙafafun ɗaurin na soket ɗin ne, domin na LGA 1200 ba su dace da LGA 1700 ba. Mai RAM irin DDR5 ya yi haƙuri, tashin farko kan ɗauki mintuna allo yana daidaita ta.

Na uku, kwamfuta ta tashi sannan ta mutu, ko ta tsaya tana ƙorafin ba ta ga fanka ba. Allo yana sauraron juyin fanka ta ramin CPU_FAN, in bai ji komai ba wasu alluna kan ƙi wucewa. A soka wayar famfo ko ta fankar lagireto a wurin, yadda takardar na'urar ta nuna. In mutuwa take yi, to yanzu ne maganar zafi ta taso. Yawancin firosesocin Intel kan rage gudu a digiri 100, in zafin ya ci gaba su kashe kansu. A ɗora yatsa a kan famfo a ji ko yana kaɗawa, a duba wayar SATA da ke ba wasu famfunan wuta, a tuna ko an ɓare ledar da ke manne a farantin. Kada kuma famfo ya zama shi ne mafi tudu a zagayen ruwan, domin iska sama take taruwa.

Yoyo yana faruwa, musamman ga mai haɗa tiyo da kansa. Shi ya sa ake gwada famfo shi kaɗai na tsawon sa'o'i, allo babu wuta, an shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa. Wanda ya ga danshi ya zare waya daga bango nan take, ya bar kayan su bushe sarai.

In duk an bi ba a dace ba, a cire batirin CR2032 na ƴan mintuna don saitin BIOS ya koma na asali, a bar RAM guda, ko a mayar da tsohuwar fanka. Sharaɗin dai ɗaya ne: a sauya abu guda, a kunna, a gani. Wanda ya taɓa abubuwa biyar a lokaci ɗaya, ko kwamfutar ta tashi bai san abin da ya gyara ba, kuma ranar da ta sake yin gum zai koma inda ya faro.