Abin da ya kamata ku sani game da yadda ake gano sababbin ƙwayoyin cuta

Lokaci zuwa lokaci za ku ji a rediyo cewa masana sun gano wata sabuwar ƙwayar cuta. Wasu hankalinsu ya tashi, wasu kuma su ce ƙirƙira ce kawai. Ga bayanin yadda ake yin wannan aiki, da dalilin da ya sa ganin ƙwayar cuta a jikin majinyaci bai isa a ce ita ce ta kwantar da shi ba.

Mene ne bairos?

Bairos wata irin ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, wadda ko madubin da ake duba jinin mai zazzaɓin cizon sauro ba ya nuna ta. Ba ta iya hayayyafa ita kaɗai, sai ta shiga jikin mutum, ko dabba, ko tsiro. Ƙyanda da shan inna da mura da ƙanjamau duk bairos ke kawo su. Ta bambanta da bakteriya, wato irin ƙwayoyin da ke kawo taifod da kwalara. Shi ya sa maganin kashe bakteriya ba ya yi wa bairos komai.

Daga ina sababbin ke fitowa?

Da yawansu sun daɗe a jikin dabbobi kafin su tsallako wa ɗan Adam. Zazzaɓin Lassa misali ne na gida. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, ta kamu da zazzaɓin da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta rasu. Wata da ta yi jinyarta ita ma ta rasu, ta uku kuma aka kai ta Amurka ta warke. A Jami'ar Yale aka fitar da ƙwayar daga jininsu, har ɗaya daga cikin masu binciken, Dakta Jordi Casals, ya kamu da ita. Sai bayan 'yan shekaru aka gane cewa wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da ita. Haka kuma cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, daga baya aka tabbatar tana jikin raƙuma.

Ta yaya ake gano ta?

Aikin yakan fara ne daga likita ko ma'aikacin jinya mai lura. Ya ga mutane da yawa da ciwo iri ɗaya, an yi gwaje-gwajen da aka saba ba a ga komai ba, magani kuma bai yi aiki ba. Sai a ɗebi jini ko majina a tura babban ɗakin gwaji.

A da, sai an raini ƙwayar a cikin kwalba har ta yi yawa kafin a gane ta, aikin da kan ɗauki makonni. Yanzu akwai hanya mafi sauri. Kowace bairos tana da tsarin gadonta, wato jerin bayanan da ke cikinta waɗanda suka bambanta ta da sauran. Na'ura kan karanta duk bayanan da ke cikin jinin, kwamfuta ta ware na mutum, sannan ta gwada sauran da na ƙwayoyin da aka riga aka sani. Abin da ya yi kama da su amma bai zo daidai da ko ɗaya ba, shi ake bi.

Wataƙila ku ce, ai akwai gwajin PCR da aka yi ta yi lokacin korona. Gwajin PCR yana neman ƙwayar da aka riga aka sani ne kawai, don haka sai an karanta sabuwar tukuna sannan a haɗa mata nata gwajin. An ba da rahoton korona a birnin Wuhan a Disambar 2019, aka fitar da tsarin gadonta a Janairun 2020. A watan Maris na shekarar, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Ede, Jihar Osun, ta karanta na wadda ta shigo Najeriya.

Idan an gan ta, ita ce ta kawo ciwon?

Ba lallai ba ne. Wanda aka tarar a inda aka yi sata ba dole ne ya zama shi ne ɓarawon ba. Jikin kowa yana ɗauke da bairos iri-iri da ba sa cutar da shi. A 2015 masana sun sanar da gano sababbin bairos biyu a Jihar Edo, aka sa musu sunan garin Ekpoma, kuma a jinin mutane masu ƙoshin lafiya aka same su.

Saboda haka sai masana sun amsa wasu tambayoyi. Ana samun ƙwayar a majinyata fiye da masu lafiya? Tana nan a sashen jikin da ya lalace? Garkuwar jiki ta tashi yaƙarta daidai lokacin rashin lafiyar? Idan aka sa wa dabbar gwaji, tana kamuwa da irin ciwon? Ko kuwa daga kayan aikin ɗakin gwaji ta gurɓata jinin?

Wannan na iya cin shekaru. Tun wajen 1975 likitoci suka lura da wani ciwon hanta da ake ɗauka ta ƙarin jini, wanda ba nau'in A ba ne, ba kuma B ba. Ba a gano ƙwayarsa ba sai 1989, aka kira ta nau'in C, sai kuma a 1997 aka nuna cewa ita kaɗai ta isa ta jawo ciwon. Sakamakon wannan haƙuri, yau ana tantance jini kafin a ƙara wa mutum, kuma akwai maganin da ke warkar da cutar cikin kimanin wata uku.

Wa abin ya fi shafa?

Ma'aikatan lafiya da masu jinyar 'yan uwa su ne a sahun gaba, domin suna taɓa majinyaci kafin a san abin da ke damunsa. Sai mafarauta da mahauta da makiyaya, da duk wanda ɓera ke shiga rumbunsa. A zazzaɓin Lassa, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma yana da haɗari matuƙa ga mai juna biyu.

Aikin yana da tsada?

Yana da tsada, ko da yake ta ragu. A 2015, lokacin annobar Ebola a Gini, an yi aiki da na'urar karanta tsarin gado da ake iya riƙewa a tafin hannu. Sai dai har yanzu daga waje ake sayo yawancin sinadaran, kuma ana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa da ƙwararru. Wannan nauyi ne na gwamnati da cibiyoyin bincike.

Me ya rage gare ku?

Idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ko kuka ga mutane da dama a gida ɗaya ko unguwa ɗaya sun kwanta da ciwo iri ɗaya, kada ku tsaya a kemis. Ku je asibiti da wuri, ku faɗi gaskiyar inda kuka je da dabbar da kuka taɓa, ku kuma yarda a ɗebi jini. A Najeriya kuna iya kiran hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, kyauta a lamba 6232. Rahoton da kuka kai da wuri na iya ceton iyalinku da maƙwabtanku.