Rubutun Gado Da Fassararsa: Yadda Kwamfuta Ke Neman Amsa Ta Hanyar Zaɓen Iri

A ran 22 ga watan Maris na 2006 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, wato NASA, ta harba waɗansu ƙananan taurarin ɗan Adam guda uku a cikin wani shiri mai suna ST5. Tare da su akwai wata 'yar eriya wadda duk wanda ya gani zai zaci guntuwar waya ce yaro ya lanƙwasa yana wasa. Alhali kuwa babu injiniyan da ya zana ta. Kwamfuta ce ta gano siffarta, ta bin hanyar da manomi kan bi wajen zaɓen iri.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta takan fara da tarin amsoshi na kintace, ta gwada kowace, ta ware masu kyau, ta haɗa su aure, wato ta ɗebi sashen wannan ta haɗa da sashen waccan, kuma jifa-jifa ta sāke wani harafi da gangan. Sa'an nan ta gwada 'ya'yan da aka samu, ta sake zaɓe, haka dai har sau dubbai. Shehun malami John Holland na Jami'ar Mishigan shi ne ya shimfiɗa tushen wannan dabara a cikin littafinsa na 1975.

To, abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, abin da ake gadarwa daban, abin da ake gwadawa kuma daban. A jikin mai rai, gado rubutu ne a kan wani zare da masana ke kira DNA, mai haruffa huɗu kacal. Ana karanta su uku-uku, su ba da kalmomi 64. Daga ciki 61 suna ambaton tubala 20 da ake gina furotin da su, sauran ukun kuwa alamar tsayawa ce. Kuma ba dukan rubutun ake karantawa a kowane lokaci ba. A 1961 François Jacob da Jacques Monod na Faransa sun nuna cewa wata ƙwayar bakteriya ba ta buɗe sashen rubutunta na narka sukarin madara sai in sukarin yana nan. Wannan fassara daga rubutu zuwa jiki ita ce bayyanar gado.

Masu eriyar NASA sun ari wannan hikima. Abin da suka ba kwamfuta ta riƙa gadarwa jerin umurni ne, miƙa waya kaza, juya ta nan, sake miƙawa. Sai an bi umurnin an sami eriya tukuna a auna ƙarfinta. Da aka canza hanyar da taurarin za su bi a sama, sai suka yi 'yan gyare-gyare, galibi a ma'aunin gwaji, cikin 'yan makonni kwamfuta ta fito da sabuwar eriya.

A 2001 wata masaniya 'yar ƙasar Fotugal, Cândida Ferreira, ta ƙara gaba da wannan tunani wajen sa kwamfuta ta gano ƙa'idojin lissafi. Ta raba kowace ƙwayar gado kashi biyu, kai da wutsiya. Kai yana iya ɗaukar alamun aiki, kamar tarawa da ɗebewa, tare da lambobi, amma wutsiya lambobi zalla take ɗauka. In kai yana da gurbi 7, kuma kowace alama abu biyu take buƙata, wutsiya za ta sami gurbi 8. Da wannan tsari, duk yadda aka jujjuya haruffan kai, ba za a rasa lambobin cike lissafin ba, saboda haka ba a haifar ɗa marar ma'ana. Abin da ya rage ba a karanta ba yana nan ajiye, yana tara canje-canje a ɓoye, har ran da wani canji zai kai karatu gare shi.

Amma fa akwai haɗari. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a kan wannan dukan dabarar ta dogara. In fassarar ta zama irin wadda canjin harafi ɗaya zai birkita jiki duka, ɗa ba zai yi kama da iyayensa ba, zaɓen iri ya tashi a banza, bincike ya koma lalube cikin duhu.

Wannan ya shafi ma'aikacin ofis ma. Ɗauki jadawalin jarrabawa. In rubutun gadon shi ne jadawalin kansa, yawancin 'ya'yan za su fito da karo, ɗalibi ɗaya a ɗaki biyu a sa'a guda. In kuwa rubutun jerin darussa ne kurum, sa'an nan wata ƙa'ida ta riƙa ɗaukar kowane darasi tana sa shi a gurbin farko da ba karo, to kowane ɗa jadawali ne mai amfani, sai dai wani ya fi wani.

Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni kada ƙarfin inji ya ruɗe shi. Tun kafin ya kunna kwamfuta, ya zauna ya tsara yadda za a rubuta amsa da yadda za a karanta ta, domin a nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci.