Dutse Da Harshe: Mutanen Duwatsun Ningi Da Makomar Harsunansu



Duk wanda ya tashi a Wurno, ko Gwaram, ko cikin garin Birnin Kudu, ya san cewa in aka nausa kudu aka tsallaka iyakar Jihar Bauci, ƙasa takan sake kama, fili ya ƙare, duwatsu su tashi. Waɗannan su ne duwatsun ƙasar Ningi, mazaunin Warjawa, da Fa'awa, da Butawa, da Kudawa, da Sirawa, kowace al'umma da harshenta. Abin da za mu duba a yau shi ne dalilin da ya sa harsunan nan suka tsira a zamanin yaƙi, amma suka soma ɓacewa bayan an sami zaman lafiya.

Zama a gindin dutse tsohon abu ne a wannan yanki. Zanen shanu da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, wanda Bernard Fagg ya yi nazarinsa a shekarun 1950, shaida ne a kan haka. Amfanin dutse ga mai ƙaramin ƙarfi a bayyane yake, domin doki, wanda shi ne ƙashin bayan rundunar sarakunan ƙasar Hausa, ba ya hawan tsauni.

Wajen shekarar 1846 Malam Hamza da waɗansu malamai suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano sabili da saɓani a kan haraji, suka fake a duwatsun nan, suka haɗa kan mazaunansu. Daular da suka kafa ta yi fiye da shekara hamsin tana kai hari ƙasashen Kano da Bauci da Zazzau. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi ta fama da Ningawa bai ga bayansu ba, sai a 1902 Turawa suka ci ƙasar. Sai dai a lura, shugabannin nan Hausawa ne, ke nan Hausa ta hau dutsen a matsayin harshen mulki da addini tun kafin zuwan Bature.

Da hare-hare suka ƙare, mutane suka sauko fili neman gona, kasuwa ta buɗe, auratayya ta yawaita. Abin da takobi ya kasa, sai ciniki ya yi shi cikin ruwan sanyi. Ajawa sun bar harshensu sun koma Hausa tsakanin 1920 da 1940. Butanci da Kudanci kuwa, masana suna lissafa su cikin harsunan da suka mutu ko suke gargara. Warjanci, wanda ɗan'uwan Hausa ne a dangin harsunan Cadi, yana da sauran ƙarfi, har a cikin ƙasar Birnin Kudu ana jin sa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko da harshen da ya rinjaya a yankinsa, to a nan Hausa ce ta rinjaya, saboda haka makaranta ma ta bi sawun kasuwa.

Domin mu ga cewa lamarin bai tsaya a kanmu ba, bari mu leƙa duwatsun Andis na Amurka ta Kudu. A can akwai harshen Kecuwa, wanda daular Inka ta yi mulki da shi kafin Sifaniyawa su kama sarkinta a 1532. Ƙasar Peru ta mai da shi harshen hukuma a 1975. Ƙidayar 2017 ta nuna kusan kashi 14 cikin ɗari na mutanen ƙasar da shi suka buɗe baki, amma a lardin Apurimak mai tsaunuka sun kai wajen kashi 70. Duk da haka, wanda ya sauka birnin Lima neman aiki, galibi da Sifaniyanci yake renon 'ya'yansa. Abin lura kuma, shi kansa Kecuwa ya haɗiye ƙananan harsuna da yawa a lokacin ƙarfinsa, kamar dai yadda Hausa take yi a yau.

Saboda haka aikin yana wuyanku. Ɗalibin harshe ya ɗauki na'ura ya tafi wurin tsofaffin Warji da Ningi, ya naɗi tatsuniyoyinsu da sunayen itatuwa da magunguna tun suna raye. Ma'aikacin lafiya ko na gona da aka tura can ya nemi tafinta, kada ya ɗauka kowace tsohuwa ta fahimci bayaninsa don kawai ta amsa gaisuwa. Bahaushen da ke kukan Turanci ya danne masa harshe a ofis da kotu, ya kamata ya fi kowa jin kukan Bawarje.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.